Saƙon Godiya ga Duk Wanda Ya Zo Muka Tuna da Samanja

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Alhamdulillahi, an yi taro an tashi lafiya, babu wanda ko ƙwarzane ya samu. Ranar Asabar da ta wuce mu 'ya'yan tsofaffin sojoji, waɗanda muka taso a bariki Allah kuma ya sake haɗa mu zama a unguwa ɗaya a nan Kaduna, muka taru a filin makarantar firamaren unguwarmu. Abu biyu ya tara mu: mu yi wa marigayi Alhaji Usman Baba Pategi, wato ɗan wasan kwaikwayon nan Samanja Mazan Fama, addu'a, mu kuma sake kallon ɗan abin da muka iya tsintowa na wasanninsa. Mu ba danginsa ba ne, ba kuma abokan aikinsa ba. Ni kaina ban taɓa yin musabaha da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa ranar Lahadi 12 ga Nuwamba 2023. 'Yan kallo ne kawai, amma 'yan kallon da suka san akwai bashinsa a wuyansu.

Yaba kyauta tukuici. Tun jiya nake bin mutane gida-gida, na ga ƙafata ba za ta kai ko'ina ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Bayan godiya ga Allah, sai Baba Mai Unguwa. Ranar da muka je masa da maganar, ban gama bayani ba ya ɗaga mini hannu ya ce, “Ɗana, Samanja kake nufi? Ku je ku yi, filin naku ne.” Shi da kansa ya taka ya sami shugaban makaranta. Allah ya ƙara wa Baba girma da lafiya. Malam Liman kuma ya tara almajiransa tun bayan La'asar aka yi sauka, aka rufe da addu'a kafin Magariba. Da muka kai masa ɗan abin sadaka, cewa ya yi a raba wa yaran, shi nasa ladan yana wurin Allah. A cikin addu'ar ya haɗa da sauran magabatan wannan sana'a da suka riga mu gidan gaskiya, irin su Kasimu Yero da ya rasu a nan Kaduna a 2017, da Rabilu Musa Ibro, da Sadiq Daba. Allah ya jiƙansu baki ɗaya, ya kai haske kabarinsu.

Matasa da yawa sun tambaye ni, me ya sa sai Samanja? Wata 'yar ƙanwata ma ta ja ni gefe ta ce, “Kawu, wai duk wannan wahalar saboda ɗan wasan kwaikwayo?” Ban samu na ba ta amsa a ranar ba saboda hidima, to ga amsar yanzu, ita da sauran 'yan'uwanta.

Mahaifina kofur ne. Ya yi yaƙin basasa, wanda aka fara a 1967 aka gama a Janairun 1970, ya dawo da rauni a cinya da kuma shirun da ba mu taɓa sanin kansa ba. Mutum ne mai kirki, bai taɓa barinmu da yunwa ba, amma idan ya shigo gida ya cire takalmin nan nasa mai nauyi, kowa sai ya shiga taitayinsa. A layinmu na kwatas gida ɗaya ne ke da talabijin, baƙi-da-fari, ta wani saje. Idan ranar Samanja ta zo sai ya fito da ita baranda ya ɗora kan tebur, yara mu zauna a ƙasa, iyaye mata a bayanmu kan tabarma, maza kuma su tsaya can baya da hannu a ƙirji kamar wucewa suka zo yi. A wannan barandar na fara jin mahaifina ya yi dariya har da ƙyaƙyatawa, yana dafa kafaɗar maƙwabcinmu don kada ya faɗi. Na juya ina kallonsa na manta da talabijin ɗin. Har yau in na rufe ido ina ganin haƙoransa a hasken akwatin nan. Wanda ya ba ka irin wannan kyauta, ko shekara nawa aka yi ba ka mantawa da shi.

Akwai kuma wani abin. A cikin gari, idan aka ce maka “ɗan bariki”, kowa ya san ba yabo ba ne. Mu kuwa a barikin aka haife mu, a nan aka yanke mana cibiya. Hausarmu ma daban take, domin maƙwabcinka na dama Tibi ne, na hagu Bachama, na gaba Bayarabe ko Angas ko Idoma, kowa ya ɗauko Hausa ya lanƙwasa ta yadda harshensa zai iya, a yayyafa mata Turancin fareti. Ba yau aka fara ba, tun zamanin Turawa Hausa ce harshen da ke haɗa ƙananan sojoji, daga nan ma muka samu kalmomi irin su saje da kofur da samanja kanta, wadda asalinta muƙamin sajan-manjo ne. Idan muka je makarantar cikin gari muka buɗe baki, sai a yi ta yi mana dariya, a ce mun mai da mace namiji, namiji mace. Da yawanmu mun koyi yin shiru a aji saboda haka.

Sai ga mutum a talabijin, sanye da kaki, yana magana da irin wannan bakin namu sak, Arewa gaba ɗaya tana sauraro. Ita ma dariya ake yi, amma dariyar so ce. Yaran da jiya suke tsokanarmu, yau su ne ke roƙonmu mu kwaikwayi Samanja su ji, don sun san mu muka fi iyawa. Ya nuna wa mutanen gari cewa bayan katangar nan da suke tsoro akwai magidanta masu rigimar cefane, masu bashi, masu kishi, masu tsoron na gaba da su, kamar kowa. Ni a ganina wannan shi ne babban aikin da ya yi, kuma ya yi shi a lokacin da soja ke mulkin ƙasa, lokacin da ganin kaki kaɗai kan sa mutum ya canja hanya.

Ina godiya ta musamman ga tsohon malaminmu na firamare, wanda duk da ciwon gwiwa ya tsaya ya ba matasa tarihin marigayin. Da yawa a ranar suka fara jin cewa Samanja ba Bahaushe ba ne, Banufe ne, haifaffen Pategi da ke bakin kogin Kwara a Jihar Kwara ta yanzu, a 1942, kuma ɗan gidan sarautar garin. Bai zauna jiran rawani ba. Ya taho Kaduna, ya taɓa aikin gidan rediyo, sannan ya shiga soja a shekarun 1960, ya yi aiki a sashen sadarwa, bai ajiye kaki ba sai 1985, ya ci gaba da wasan kwaikwayo a gidan Rediyon Tarayya na Kaduna. Ke nan abin da muke gani a allo ba jita-jita ya kwaso ba. Ya sha fareti, an daka masa tsawa, shi ma ya daka wa wasu. Shi ya sa tsofaffin sojoji ba su taɓa jin haushin wasansa ba, domin na gida ne ke ba da labarin gida. Malam ya kuma tunatar da yaran cewa tun kafin finafinan bidiyo su fara fitowa daga Kano a wajen 1990, su Samanja ne suka saba wa Bahaushe zama gaban allo ya kalli rayuwarsa da harshensa. Wanda duk ke cin abinci da kyamara a Arewa yau, a gonar da suka share yake shuka. Malam, Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar gwiwa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya kusa ɓata mana dare.

Kaset uku muka samu, na wata baiwar Allah da mijinta ya naɗa daga talabijin shekaru aru-aru da suka wuce, ta adana su a ƙasan akwatin aurenta. Biyu sun riga sun yi fumfuna. Mai gyaran rediyon bakin kasuwarmu ya kwashe kwana huɗu yana warware zaren yana gogewa a hankali, har ya ceto ɗaya da rabi, ɗansa kuma ya juye su cikin kwamfuta ya haɗa da 'yan guntayen da ke yawo a intanet. Ko kwabo bai karɓa ba. Hajiya mai kaset, da ke da mai gyaran nan, ban san da bakin da zan gode muku ba.

Bayan Isha'i aka kunna majigi. Allonmu farin zanin gado ne guda biyu da aka ɗinke aka ɗaure tsakanin sanduna. Ba a yi minti ashirin ba iskar hunturu ta taso da ƙura, ta tumɓuke sanda ɗaya, zanin ya rufto kan yaran da ke gaba, igiyar kuma ta fizgo wayar janareta, wuri ya yi duhu ɗif. Yara suka ɓarke da ihu, suka fara turereniya, iyaye mata na kiran sunayen 'ya'yansu. Gabana ya faɗi, domin na san yadda turmutsutsu ke farawa, ga tsofaffi a kan kujeru, ga jarirai a goye.

A cikin duhun nan sai muka ji wata murya ta tsaga filin, irin wadda rabona da ji tun ina ɗan shekara goma. Wani dattijo ne a cikin baƙinmu, wanda shi ma a muƙamin samanja ya yi ritaya, ya haura tamanin, da sanda aka shigo da shi. Miƙewa ya yi ya ba da umarnin fareti, na a ƙame. Wallahi kowa ya tsaya cak inda yake. Da aka haska fitilun waya sai ga tsofaffin nan namu, wajen su goma sha biyu, duk a miƙe, ƙirji a gaba, hannu a gefe, har da wanda hannunsa ke karkarwa. Yaran suka saki baki suna kallo, suka manta da kuka. A haka dattijon ya riƙe filin har matasa suka tada sanda suka haɗa waya. Da wuta ta dawo, hoton da ya fara fitowa a zanin shi ne Samanja a cikin kakinsa, sai tsofaffin suka sara masa kafin su zauna. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, kuma ba ni kaɗai ba.

Baba Samanja namu na unguwa, Allah ya ja da ranka. Kai ka ceci taron nan.

Iyayenmu mata, tun asuba kuke kan wuta. Waina da miyar taushe, kunun gyaɗa, ga shayi da aka yi ta zagayawa da shi saboda sanyi. Mahaifiyata, wadda rabonta da fita da dare tun rasuwar mahaifinmu, ta zo ta zauna a sahun gaba har aka tashi. A hanyar komawa gida na ce, “Inna, kin gaji ko?” Ta ce, “A'a. Yau na ji muryar layinmu.” Ba ta ƙara cewa komai ba, ni ma ban tambaya ba.

'Yan'uwanmu Kirista da muka taso tare a kwatas, ku kuka ɗauko bencina daga majami'arku a kan kawunanku, kuka zauna cikin natsuwa har aka gama sauka, kamar yadda iyayenmu suka saba, su kai mana abincin Kirsimeti mu kai musu naman layya. Ɗaya daga cikinku tun daga Makurɗi ya taso, wata kuma daga Jos, don kawai wannan daren. Allah ya bar zumunci, ya mai da kowa gidansa lafiya. 'Yan sintirin unguwa da suka tsare ƙofa da wurin ajiye babura, da matasan da suka share filin washegari har ba a gane an yi taro ba, da mai janaretan da ya ce mu zuba mai kawai, duk na gode, Allah ya yi muku albarka.

Ina kuma neman afuwa. Kujeru sun yi kaɗan, wasu dattawa sun daɗe a tsaye kafin a samar musu wuri. Waɗanda suka zo daga baya ba su sami waina ba. Lasifikar ma ba ta kai wa na can baya yadda ya kamata ba. Mun ji, mun gani, a yafe mana.

Game da kuɗin da aka tara, bayan an biya mai da hayar majigi da cefane, ɗan abin da ya rage kwamiti ya raba wa iyayenmu mata uku da mazajensu sojoji suka rasu suka bar su da marayu. Takardar lissafin tana wurin ma'ajinmu, duk mai son dubawa ƙofa a buɗe take.

Roƙona ɗaya ne. Duk wanda ke da tsohon kaset na Samanja, na bidiyo ko na rediyo, ko da ya ga kamar ya lalace, don Allah kada ya zubar. Ya kawo a gwada gogewa a juye, a mayar masa da abinsa. Rabin kaset ɗin nan da aka ceto a tsakiyar rigima ya yanke, yara kuma sun dame ni da tambayar yadda aka ƙare.

An tsinci hula zanna ɗaya, da carbi baƙi, da takalmin yaro ƙafar hagu, da tabarau a cikin gidansa. Suna gidan Baba Mai Unguwa, mai su ya je bayan sallar La'asar ya karɓa.

Allah ya jiƙan Alhaji Usman Baba Pategi, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya albarkaci zuri'ar da ya bari. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu. Amin.

Wassalamu alaikum.