Wasiƙa daga Filadelfiya: Creed II da tawul ɗin da Drago ya jefa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman ma'abota kallon fim da masu sha'awar dambe. Ina fata kuna lafiya, ya iyali, ya haƙuri da hidimomin yau da gobe. Mu ma a nan Filadelfiya lafiya lau muke, alhamdu lillahi.

Maganar da ta sa na rubuto ita ce Creed II, fim ɗin damben nan da ya fito a watan Nuwamba na 2018. Na san da yawanku kun gan shi, wasu a gidan kallo, wasu a waya bayan an tura musu a shagon masu turi, don haka ba zan ɓoye yadda ya ƙare ba. Wanda bai gani ba ya jingine wasiƙar nan sai ya gani. Abin da nake ganin ya faru shi ne masu fim ɗin sun samu labari mai ratsa zuciya, labarin Drago da ɗansa, amma suka ba shi 'yan mintuna kaɗan, suka ƙarar da sauran lokacin a kan labarin da tun daga farko kowa ya san inda zai dire.

Tushen abin yana 1985, shekarar da Sylvester Stallone, wanda mu a gida muka fi sani da Rambo, ya fitar da Rocky IV, inda ya fito a matsayin ɗan dambe Rocky. Lokacin ana tsakiyar yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kuma fim ɗin bai ɓoye ɓangaren da yake ba. An kawo wani ƙaton ɗan damben Sobiyet, Ivan Drago, wanda Dolph Lundgren ya fito a matsayinsa, aka haɗa shi wasan nishaɗi da Apollo Creed, tsohon zakaran duniya kuma aminin Rocky, a Las Vegas. Rocky yana kusurwar Apollo riƙe da tawul, amma Apollo ya riga ya roƙe shi kada ya tsayar da wasan komai rintsi. Ya yi jinkiri, Drago ya yi ta jibgar Apollo har rai ya yi halinsa. Daga baya Rocky ya bi shi har Mosko ya rama. A wancan fim ba a ba Drago zuciya ba, maganar da ya yi ma ba ta taka kara ta karya ba. An ajiye shi ne kawai ya zama bos ɗin da 'yan kallo za su tsana.

Bayan shekara 30, a 2015, wani matashin darakta baƙar fata, Ryan Coogler, ya farfaɗo da labarin da fim ɗin Creed. Michael B. Jordan ya fito a matsayin Adonis, ɗan da Apollo ya haifa a waje, wanda matar Apollo ta ɗauko daga gidan kangararrun yara ta raine shi kamar nata. Fim ɗin ya samu karɓuwa ƙwarai, har Stallone, wanda ya sake fitowa a matsayin Rocky yana horar da Adonis, ya ci kyautar Golden Globe, sunansa kuma ya shiga takarar Oscar. Da aka zo kashi na biyu Coogler ya shagala da aikin Black Panther, sai aka miƙa ragamar ga Steven Caple Jr., Stallone kuma ya shiga cikin marubutan. Ku lura, wannan ba irin kashi na biyun da muka saba gani a finafinan Kano ba ne, inda ake yanke labari ɗaya a tsakiya a ce mu haɗu a na gaba. Labarin Creed na farko ya riga ya kammala. Dole masu na biyun su nemo dalilin da zai sa mu dawo, kuma dalilin da suka samo shi ne ɗan wanda aka kashe zai kara da ɗan wanda ya yi kisan.

Da na ji haka na ɗauka kasuwanci ne zalla. Mintunan farko na fim ɗin suka sa na gyara zama. An buɗe da wani ɗan ƙaramin gida a Kiyef, babban birnin Yukren, da sanyin asuba. Ivan ya tsufa, fuskarsa ta yamutse, ya tada ɗansa Viktor daga barci ba tare da ko gaisuwa ba. Yaron ya fita gudu, uban yana biye da shi a mota yana matsa masa lamba. Da rana Viktor yana aikin ƙarfi, da dare yana kwantar da mutane a ƙananan wasanni. Kusan ba a yi magana ba, amma ka gane komai: mutumin da ƙasarsa ta ɗaga shi sama ta yar da shi ranar da ya sha kaye, matarsa Ludmilla ta bar shi da ƙaramin yaro, shi kuma ya raini yaron a kan abu ɗaya tak, wato ya dawo musu da mutuncin da suka rasa. Florian Munteanu, wanda ya fito a matsayin Viktor, ɗan dambe ne tun kafin ya shiga fim, kuma idanunsa sun yi aikin da baki bai yi ba. Duk naushin da ya kai, sai ka ga ya waiga kusurwa yana neman yardar mahaifinsa.

Akwai fitowa biyu da ba na mantawa da su. Ta farko a gidan abincin Rocky ce a nan garin, inda ya shigo ya tarar da Ivan zaune shi kaɗai. Bangon cike yake da hotunan wasannin Rocky, sai Ivan ya lura babu ko ɗaya na wasansu, ya kuma faɗa masa cewa a dalilinsa ya rasa ƙasa da daraja da mata. Tsofaffi biyu ne a teburi, ba wanda ya ɗaga hannu, amma zuciyata ta fi bugawa a nan fiye da a wasan farko na fim ɗin. Ta biyu kuwa liyafar da manyan Rasha suka shirya musu bayan Viktor ya yi wa Adonis raga-raga. Ludmilla ta shigo cikin ado tare da sabon mijinta. Viktor ya tashi ya fice, ya tambayi mahaifinsa me ya sa suke neman yardar mutanen da suka kore su, da matar da ta tafi ta bar su. Uban ba shi da amsa sai faɗa. Mu da muka taso ana ce mana kyan ɗa ya gaji ubansa, wannan fitowar tana tambayarmu ko har ƙiyayyar uba da bashin gabarsa dole ne ɗa ya gada.

Sai ƙarshe a Mosko, turmi na 10. Adonis ya kai Viktor ƙasa sau biyu, Ludmilla ta tashi daga kujerarta ta fita kamar yadda ta yi tun yana yaro. Viktor ya hango kujerar babu kowa, jikinsa ya mutu, amma ya ƙi faɗuwa, Adonis kuma yana ta dukansa. Sai Ivan ya jefa tawul. Mutumin da ya kashe Apollo saboda ba a jefa tawul ba, shi ne ya jefa don ya ceci ɗansa, ya haƙura da kambu da ƙasa da duk abin da ya shafe shekaru yana buri. Daga baya an nuna su a Kiyef suna gudu kafaɗa da kafaɗa, babu motar nan.

Wanda ya san dambe ya san nauyin wannan hukunci. A 1975 a Manila, Eddie Futch ya hana Joe Frazier fita turmi na 15 da Muhammad Ali, saboda idon Frazier ya kumbura har ba ya ganin naushi. Frazier, wanda ɗan wannan garin ne a harkar dambe, ya so ya ci gaba, kocinsa ya ƙi. A watan Fabrairun 2020 kuma Mark Breland ya jefa tawul a turmi na 7 lokacin da Tyson Fury ke dukan Deontay Wilder, sakayyar da ya samu ita ce Wilder ya sallame shi daga aiki. Mai jefa tawul ba ya samun godiya a ranar. Fim ɗin ya fahimci haka, kuma saboda wannan kaɗai na yafe masa abubuwa da dama.

Wani abin yabon shi ne Bianca, wadda Tessa Thompson ta fito a matsayinta, mawaƙiyar da jinta yake raguwa a hankali. Lokacin da Adonis ya tsaya a bakin ƙofa yana zuba kalaman neman aurenta, ba ta sa na'urar jinta ba, ba ta ji ko ɗaya ba. Da aka haifi 'yarsu Amara aka kai ta gwajin ji, gilashi ne tsakanin miji da mata, ba wanda ya ce uffan, kowa ya karanta sakamakon a fuskar ɗan uwansa. Irin wannan nutsuwar ba kasafai ake samunta a fim ɗin dambe ba. Sai dai an taɓo maganar an wuce da sauri, don a koma ga atisaye.

A nan ne matsalar take. Adonis shi ne jarumi, amma har fim ɗin ya ƙare ban gamsu da dalilin da ya sa ya karɓi wasan ba. Bai taɓa ganin mahaifinsa ba, an haife shi bayan rasuwarsa. Ya riga ya ci kambun duniya, yana da kuɗi, yana da mata, ga haihuwa tana tafe. Ita kanta Mary Anne da ta raine shi ta gaya masa kada ya fake da sunan mahaifinsa. Rocky ma ya yi ta tambayarsa don me yake faɗan. Tambayar tana da kyau, amma amsar da aka ba mu, wai don kansa yake yi, ba ta da nauyin da za ta ɗauki karyayyen haƙarƙari da fasasshiyar ƙoda. A fim na farko yaron yana son ya tabbatar wa duniya cewa haihuwarsa ba kuskure ba ce, kowa kuma ya ji zafin hakan. A nan sau da yawa fushi da taurin kai kawai na gani. Idan ka tarar kana tausaya wa bos fiye da jarumi a wasan ƙarshe, to marubuta sun bar wani aiki ba su yi ba.

Tsarin labarin ma tsohon zane ne. Zakara ya yi sake, wani mayunwacin abokin hamayya ya lallasa shi, ya shiga ƙunci, ya koma wani wuri mai wahala ya sake horo, ya dawo ya yi nasara. Haka Rocky III na 1982 ya tafi. A Rocky IV dusar ƙanƙarar Rasha ce wurin horon, a nan kuma aka mai da shi hamada, ana dukan ƙasa da guduma, ana gudu a rana. Yana da daɗin kallo, kiɗan Ludwig Göransson yana motsa jini, amma ba inda ka taɓa jin tsoron cewa Adonis zai iya faɗuwa karo na biyu.

Ga kuma maganar jiki. A fim na farko Adonis yana ajin da ba a wuce kilo 79, a nan kuwa an ce shi ne zakaran ajin masu nauyi, inda ake farawa daga sama da kilo 90, ajin su Anthony Joshua. Ba a nuna mana yadda ya yi wannan tsallen ba. Da suka tsaya gaba da gaba da Viktor, duk wanda ya taɓa zama a filin damben gargajiya ya ga yadda ake duba ƙira kafin a haɗa turmi zai ce wannan haɗin bai yi ba. Dukan da Adonis ya sha a wasan farko a Brooklyn kuwa, alƙalin wasa na gaske da tuni ya raba su kafin a kai ga Viktor ya nushe shi yana durƙushe har a kore shi.

Ɗaukar hoton wasannin ma ta ragu. A Creed na farko akwai wasan da aka ɗauka tun daga shiga fage har kisa ba tare da an yanke ba, kyamara tana zagaya 'yan damben, kana jin numfashinsu da ihun koci daga kusurwa. A na biyun an koma yanka-yanka da rage gudun hoto idan naushi ya sauka, kamar kowane fim.

Abin da ya fi taɓa ni, a matsayina na mazaunin garin nan, shi ne yadda aka bar Filadelfiya a baya. Kullum za ka ga baƙi sun yi layi suna ɗaukar hoto da mutum-mutumin Rocky a wajen gidan adana kayan fasaha, wasu suna haye matakala 72 ɗin da gudu suna ɗaga hannu. Coogler ya san garin ya wuce nan. Ya shiga unguwannin arewacin birnin inda baƙaƙen fata suka fi yawa, ya nuna samarin da ke ɗaga babura a titi, da tsohon ɗakin atisaye mai tsattsagen buhun naushi, irin wuraren da suka fitar da 'yan dambe na gaske. Frazier da ya ci kambun duniya da jininsa sai a 2015 aka kafa masa mutum-mutumi, shekara huɗu bayan rasuwarsa, alhali na Rocky yana nan tun shekarun 1980. Fim na farko ya ɗan biya wa waɗannan unguwanni bashi. Na biyun ya kwashe Adonis ya kai shi Los Angeles, cikin gida mai gilasai da ba ya kama da ko'ina.

Akwai wata fitowa da aka ɗauka amma aka cire, ana samunta a cikin ƙarin da aka saka a faifan fim ɗin. Bayan wasan Mosko, Adonis ya shiga ɗakin canza kaya ya zauna kusa da Viktor ya ba shi baki, Rocky da Ivan kuma suka dubi juna. A ganina cire ta babban rashi ne, domin a nan kaɗai 'ya'yan biyu suka gane cewa kaya iri ɗaya iyayensu suka ɗora musu. An zaɓi a rufe da ziyarar Adonis kabarin Apollo da tafiyar Rocky Vancouver wajen ɗansa da jikansa. Duka biyun suna da kyau, amma da an bar waccan da ta cike gurbin da na ce marubuta sun bari.

Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 200 a duniya, a 2023 kuma aka yi Creed III wanda Jordan ya ba da umarni da kansa, babu Stallone a ciki, Viktor ma ɗan leƙowa kawai ya yi ya taya Adonis atisaye. Wanda zai sake kallon na biyun, ina ba shi shawara ya fara da Rocky IV ko da ya taɓa gani, sannan wannan karon ya sa ido a kan Lundgren duk lokacin da ya fito, musamman daga turmi na 9 zuwa na 10. Ina so in ji ko ku ma kun ga abin da na gani, ko kuwa kuna ganin na zalunci Adonis.

A gaida mutanen gida baki ɗaya. Allah ya sada mu da alheri.

Naku,
Ɗan uwanku a Filadelfiya