Godiya ga mutanen garinmu, da Iya mai ƙuli-ƙuli

Assalamu alaikum. Jama'a, an biya, bashin karatu na gwamnati (NELFUND) da muka nema ya fito. Jiya da la'asar ƙanwata ta kira ni daga Kano muryarta na rawa, ta ce kuɗin rajistar aji biyu sun shiga, ta gani a shafinta na makaranta. Na ce ta sake dubawa. Ta ce, "Yaya, wallahi sau huɗu na duba." Ina tsaye a filin makarantarmu bayan an tashi yara, sai na nemi gindin darbejiya na zauna, don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Daren jiya na yi barcin da rabona da irinsa tun bara, har aka kira assalatu ban ji ba, sai da Inna ta buga mini ƙyaure.

Wanda ya bi mu tun ranar da sunanta ya fito a sashen likitanci na Jami'ar Bayero ya san sauran labarin, ba sai na tisa ba. Kun san zuwa Gumel sau biyar a kan gyaran suna don neman bashin, da takardar rantsuwa ta kotu, duk don wanda ya buɗe mata asusun banki a kasuwa ya rubuta sunan kakanmu a inda NIN ɗinta ke ɗauke da sunan Baba. Na yafe masa, ƙila shi ma layi ne ya yi masa tsawo ranar. Abin da nake so in faɗa yau dare ɗaya ne, wanda ban taɓa ba da labarinsa ba saboda an hana ni.

Daren Laraba ne, bara, jibi Juma'a a rufe rajistar shiga. Mun sayar da ragowar riɗi, Inna ta ba da awakinta biyu, na zuba albashina na watan gaba ɗaya, duk da haka akwai giɓin naira 85,000. Baba ya yanke shawara ba tare da ya tambayi kowa ba: gobe Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, jan san nan zai tafi. Manomi ya san abin da wannan ke nufi. Sa ɗaya ba ya jan garma, ka sayar da ɗaya ka kashe biyu ke nan, kuma dillalai suna ganin gaggawa a idon mutum sai su karya masa farashi. Bayan isha na leƙa turke na tarar da Baba yana zuba masa harawa fiye da ƙima, yana shafa masa tozo, bai san ina kallonsa ba. Na juya na koma ɗaki. Ita kuwa yarinyar tana ɗakin Inna ta kifa kai, ta ce a bari kawai, ta sake JAMB baɗi ta nemi wani abu mai sauƙin kuɗi.

Ana haka aka yi sallama. Iya ce, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda babba da yaro kowa Iya yake ce mata. Ta ce kada in kuskura in ambace ta. Iya, ki yi haƙuri, yau na karya alkawari, in na zo ki yi mini faɗan.

Ta zauna a tabarma ta yi gaisuwa kamar ba da komai ta zo ba. Ta yi ƙorafin tsadar gyaɗa, ta tambayi ciwon ƙafar Inna, har na fara ƙosawa a raina, Allah Ya yafe mini. Can sai ta kwance bakin zaninta ta tura wa Inna wani ƙulli. Ta ce, "Ranar Lahadi na kwashi adashe. A ce wa Malam ya bar san nan a turkensa." Baba yana bakin ƙofa ya ji. Ya ce, "Haba Iya, wannan fa kuɗin kayan ɗakin autarki ne, biki saura wata guda." Ta ce, "Malam, gado da katifa ba sa gudu. Rajista kuwa an ce jibi za a rufe." Ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Ke kuma share hawayenki. Sharaɗina ɗaya, ranar da aka kwantar da ni a asibiti ke za ki duba ni da hannunki, kada ki turo mini wani ƙaton namiji."

Da fitilar waya na ƙirga kuɗin. 'Yan 200 da 'yan 500 ne suka fi yawa, duk sun yi laushi, suna ƙanshin man gyaɗa. Naira 90,000 cif. Na ware 5,000 zan miƙa mata, ta ce in bar su na mota. Wata goma tana zubi daga cinikin ƙuli-ƙuli da mai kafin kwasa ta zo kanta.

An ɗaga bikin autarta wata huɗu saboda mu. Na san maganganun da aka yi a gari, na san abin da amaryar ta haɗiye, ita da ƙanwata tare suka yi firamare. Dangin ango sun yi mana kara, ba su ɗaga murya ba ko sau ɗaya, Allah Ya saka musu. Mun mayar wa Iya kuɗinta bayan an yanke riɗi, an yi biki lafiya, amma ni har gobe ban ɗauka mun biya ta ba.

Da yawa kun tambaye ni me ya hana mu neman bashin gwamnati tun farko. A lokacin, bashin NELFUND na wanda ya riga ya zama ɗalibi ne, sai makaranta ta tura sunanka, sannan ka shiga da lambar JAMB da NIN da BVN. Kuɗin shiga na farko dole muka nemo su da kanmu, kuma a irin nan ne 'ya'yan talakawa ke zubewa. In an amince, kuɗin makaranta kai tsaye suke tafiya asusun jami'a, ba sa bi ta hannun ɗalibi, sai naira 20,000 na kashewa duk wata ga wanda ya nema. Ba a fara biya sai shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ku da ke da yara masu tasowa, tun yanzu ku duba sunan da ke banki da na NIN su zama iri ɗaya, harafi da harafi.

Baba da farko ya ƙi. Ya ce shi bai taɓa cin bashin hukuma ba, kuma yana tsoron riba. Liman ne ya zauna da shi bayan sallar asuba, aka karanta masa sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar babu ruwa a ciki, abin da ka ci shi za ka mayar. Sai Baba ya hau lissafi da yatsu: saura shekara 5 na karatu, shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, 1 ta bautar ƙasa, 2 na jira. Ya ce, "Tara ke nan. To, Allah Ya nuna wa masu rai." Inna ta ce ya daina irin wannan magana. Allah Ya ƙara wa Liman lafiya.

Mai shagon kwamfuta na kusa da tasha a Gumel, wanda ya ciro mana takardar biyan kuɗi ta Remita ranar Alhamis ɗin nan, ya tayar da janareta saboda mu kaɗai, daga baya kuma ya cike mata fom ɗin bashin sau uku bai karɓi ko sisi ba. Mai POS na bakin masallaci da ya juya kuɗin Iya bai cire ladansa ba. Hedimastanmu da ya riƙa rufa mini asiri duk ranar da na bar aji na tafi banki. Direban da ke kai mata garin kunu da ƙuli-ƙuli Kano kyauta. Tsohon malaminta na kimiyya a sakandare, da ya ba ta littattafansa. Abokan nan na Facebook da ban taɓa ganin fuskarsu ba, wani 1,000, wani 2,000, wani addu'a. Na rubuta kowa a littafi.

Na ji an ce dokar farko ta 2023 ta nemi ɗalibi ya kawo masu tsaya masa biyu, irin ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki, kafin a cire wannan sharaɗi a dokar 2024. Na gode Allah da aka cire. Muna da mai irin wannan mataki a dangi, har fiye, amma da shi za mu jira da yanzu wayar tana nan tana ringi. Ban riƙe kowa ba, kowa da uzurinsa, kuma masu cewa a yi mata aure a huta ba da mugun nufi suka faɗa ba. Na dai lura saƙon taya murna bai sha wahalar samun lambata ba.

Ya Allah, duk wanda ya sa hannu a karatun yarinyar nan, Ka sa hannu a lamarinsa. Ka buɗa masa ta inda bai zata ba, Ka raya masa zuriya, Ka jiƙan iyayensa. Ya Allah Ka ba Iya tsawon rai da lafiya, Ka kai ta Makka, Ka sa albarka a ɗakin autarta, Ka ba ta 'ya'ya masu jinƙanta. Wanda ya so ya taimaka bai samu hali ba, Ka ba shi ladan niyyarsa. Ita kuma Ka buɗe mata ƙwaƙwalwa, Ka tsare mata mutunci, Ka nuna mana ranar da za ta fara zagayen ɗakin marasa lafiya a Asibitin Malam Aminu Kano da farar riga. Bana za su fara darasin sassan jiki da gawa, ta ce tana jin tsoro, ku sa ta a addu'a.

Ranar Juma'a bayan la'asar za a yi addu'a a ƙofar gida, Inna za ta dama kunu, kowa ya zo. Wanda yake bin mu wani abu na manta ban rubuta ba, don Allah kada ya ji nauyi, ya same ni a gefe, littafin yana aljihuna.