Batirin da ya kumbura a shagona

A watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin Nijar, firigo biyu da ke shagona a unguwar Zariya ta Maradi sai suka koma akwatin ajiyar tarkace, domin ruwan sanyi da ƙanƙara su ne sana'ata. Na tattara abin da nake da shi na kafa faifan hasken rana, kuma da aka zo kan batiri na yanke shawarar rabuwa da na gubar dalma, saboda zafin Maradi ya sha cinye mini su. Kalma ɗaya ce a bakina a lokacin, wato litiyom, kuma ban san cewa ƙarƙashin wannan suna akwai iri daban-daban ba.

Mai sayarwa ya nuna mini guda biyu, kowanne an rubuta masa bolt 48. Na ɗaga ɗaya na ji shi kamar buhun gero, na ɗaga ɗayan na ji rabin wancan nauyin, kuma ya fi araha domin an taɓa amfani da ƙwayoyinsa, wato ƙananan batiran da aka jera a cikinsa. Nauyi na tambaya, kuɗi na tambaya, amma ban tambayi abin da ke cikinsa ba, kuma wannan tambayar da ban yi ba har yau tana ci mini rai.

Wanda na ɗauka NMC ne, haɗin nikel da manganis da kobalt, mai ƙwaya 13 a jere. Kowace ƙwaya tana cika a kan bolt 4.2, ke nan iyakarsa duka 54.6 ne. Inbatar kuwa, wato na'urar da ke cajinsa tana kuma juya wutarsa zuwa irin ta gida, an bar ta a kan saitin batirin dalma, tana tura masa 56.4 kullum rana, ita kuma ƴar na'urar tsaron da ke cikinsa, wadda masu gyara ke kira BMS, ta mutu ba tare da kowa ya sani ba. Ga shi kuma na ajiye shi a kusurwar ɗaki mai rufin kwano, inda a watan Afrilu waje ma yakan wuce digiri 40. Wata safiya na tarar murfinsa ya ɗago, ƙwayoyin sun kumbura kamar burodi, wani wari mai ɗan zaƙi yana tashi, ga kwalayen leda jibge a gefensa. Mai gyaran da na kira ya sa safar hannu ya fitar da shi fili a kan yashi, sannan ya ce, “Alhaji, ka gode Allah, wannan in ya kama, guga biyu ba za su kashe shi ba.” Ya bayyana mini cewa NMC idan ya yi zafi sosai yakan saki iskar da ke ciyar da wuta daga jikinsa.

Wanda na raina saboda nauyi shi ne LFP, haɗin litiyom da ƙarfe da fosfet, babu kobalt a cikinsa. Ƙwayarsa bolt 3.2 ce, ana jera 16, yana jure zafi fiye da NMC nesa ba kusa ba, kuma nagari yakan yi caji da sauka sau 3,000 ko fiye, alhali NMC yawanci tsakanin 1,000 da 2,000 yake gajiya. Abin da zai zauna a ƙasa shekara da shekaru, me nauyinsa zai rage ni da shi? Shi na saya daga baya, da bashi, na sa aka daidaita inbata a gabana, na kuma buɗe masa taga biyu. Aibinsa guda da na lura shi ne ƙarfin wutarsa ba ya sauka a hankali, sai ka ga kamar yana cike alhali ya kusa ƙarewa, don haka sai da na'ura mai ƙidaya abin da ya shiga da abin da ya fita.

Ba na cewa NMC banza ne. A babur mai lantarki, inda wuri ya yi kaɗan kuma kowane kilo yana rage nisan tafiya, yana da hujjarsa. Amma da ɗan ƙanena ya zo da maganar adaidaita mai batiri, ya ce, “Baba, ai mara nauyi ya fi gudu,” na tuna masa cewa Tesla ma, mai ƙera motocin lantarki, a 2021 ta sanar da mayar da motocinta masu matsakaicin zango kan LFP, kuma adaidaitar da za ta wuni a rana tsakanin babbar kasuwa da tasha, ana cajinta kowane dare, yawan cajin da batiri zai jure shi ne jarinta. Na raka shi wurin mai sayarwa, kuma kafin a yi maganar kuɗi na sa aka kwance murfi muka ƙirga ƙwayoyin da yatsa.