Lambun buhu a daminar Legas

Ni mutumin karkarar Maradi ne, inda manomi ke kwana yana tashi da ido a sama. Ruwa kan sauka wajen watan Yuni ya ɗauke a ƙarshen Satumba, kuma abin da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 500 ba. Legas tana samun kusan ninki uku na wannan. Da na tsallako Najeriya neman abinci na samu gadi a wani gida a Ikeja, kaɗaici bai dame ni sosai ba, domin ga 'yan'uwa a Agege da Idi-Araba da Mile 12. Naira ma ba a daɗe ba na daina juya ta zuwa sefa a kaina. Damina ce ta daɗe ba ta zauna mini ba.

A nan tun watan Maris ake fara jin ƙamshin ƙasa, ruwa ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Watan da gero ke buƙatar ruwa a gida, shi ne watan da Legas ke shan iska. Hunturu kuwa leƙowa kawai yake yi ya wuce.

Cikin aikina har da kula da ciyawar tsakar gida, kuma har yau abin yana taɓa mini zuciya. Na taso inda ake tara harawa a kan rumfa, ake sayen damin ciyawa da kuɗi idan rani ya tsananta, sai ga ni ana biya na in yanke ɗanyar ciyawa a zubar. Da damina duk mako biyu sai an sa mata inji, in ba haka ba sauro da macizai su samu maɓoya. Ba a yanka ta jiƙe, inji zai riƙa cushewa, kuma ba a aske ta har ƙasa, don kada rana ta ƙona saiwar. Na roƙi maigidan ya bar mini abin da na yanke. Ya ce, “Malam, me za ka yi da shara?” Na ce taki zan yi, ranka ya daɗe. Na haƙa rami a bayan ɗakin janareta ina zuba ta tare da busassun ganye da kashin kaji, in riƙa juyawa. Cikin 'yan watanni ta zama baƙar ƙasa mai laushi.

Da wannan ƙasar na cika tsofaffin buhunan shinkafa, na huda gindinsu, na ɗora su a kan bulo. Ɗorawar nan ita ce rabin aikin, domin a Legas ruwa mai kwanciya ya fi fari kashe shuka. Zogale, wanda a gida yake jure wata da watanni babu ɗigo, a nan saiwarsa ruɓewa take idan ta kwana cikin ruwa. Tumatir da damina asara ne, ganyen ya yi baƙi ya zube, sai dai a bari sai Nuwamba a riƙa ban ruwa. Alayyafo kuwa kamar jira yake, kafin wata ya cika an fara tsinka. Kuɓewa na ba da 'ya'ya cikin wata biyu. Katantanwa ce ɓarauniyar dare, sai an fito da tocila bayan Isha'i ana tsince ta.

Wata dattijuwa Bayarabiya da ke sayar da ganye a bakin layinmu, Mama muke ce mata, ita ta koya mini tsoma irin lalo cikin ruwan zafi kafin shuka, don ya tsiro da wuri. Ita ta ba ni reshen gure, wani ganyen miya mai ruwa-ruwa wanda ko ina ka soka shi zai kama, da manyan 'ya'yan ugu, wani ganyen miya mai yaɗo dangin kabewa, da na yi wa rumfar igiya ya hau. Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Idan zogale ya yi yabanya nakan kai mata.

Da maiɗakina ta iso muka kama ɗaki a Agege, ta zo da tunanin shanya ganye ta adana kamar yadda kowace mace ke yi a gida. Iskar nan ɗauke take da laima, ganyen sai ya yi fumfuna kafin ya bushe. Sai girkinmu ya koma na ɗanye. Lalo yanzu tsinko shi ake a dafa nan take da 'yar kanwa da daddawa, yauƙinsa ya fi na garin busasshe, ya bi tuwon masara sumul. Gure da ugu ta koyi haɗa su da manja da busasshen kifi, abin da ba mu taso da shi ba, yara kuma sun fi son sa da kuka. Ranar Juma'a dai sai kopto: zogale dafaffe, ƙuli-ƙuli, barkono da albasa. Daga Mayu zuwa Yuli, lokacin da tumatirin noman rani na Arewa ya ƙare farashi ya haura a kasuwar Mile 12, miyar ganyen nan ke rufa mana asiri, ana ɗan jefa kauɗa don launi.

Albasa ce kaɗai na haƙura da ita. A laimar nan ganye take yi, kan ya ƙi girma. Ita sai an je Mile 12, kuma nakan zagaya rumfuna ina tambayar ko ta Galmi, albasar Nijar, ta shigo, domin ita maiɗakina ke so a kopto, ko da ta ɗan fi tsada.