Na Auna Motsin Lasifika da Rada

Na daɗe ina auna lasifika da makirufo, kuma na daɗe ina fama da matsala guda: makirufo ba ya bambance abin da lasifika ta furta da abin da ɗaki ya ƙara mata. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, ya bugi bango da rufi ya dawo, ya cakuɗe da na asali. Idan kuma maƙwabci ya tayar da janareto, aikin ranar ya tashi a banza. Manyan kamfanoni suna da ɗakunan da aka lulluɓe da abin da ke shanye amo, suna kuma haska leza a kan faifan lasifika, wato ɓangaren da ke girgiza ya fitar da sauti, don ganin motsinsa, kamar yadda na'urorin Klippel na birnin Dresden a Jamus suke yi. Kuɗinsu ya fi ƙarfin irina.

Shi ya sa na koma ga ƙaramar rada mai aiki a kan gigahaz 24, wato girgiza sau biliyan 24 a daƙiƙa, irin wadda ake sa wa ƙofofi masu buɗe kansu. Tana aika igiyar rediyo, igiyar ta bugi faifan ta dawo, kuma duk motsin da faifan ya yi gaba ko baya yana sauya yadda igiyar da ta dawo take haɗuwa da wadda aka aika. Tushen wannan ilimi yana cikin abin da Christian Doppler ya bayyana a shekarar 1842. Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin: tsawon zangon igiyar milimita 12.5 ne kawai, kuma tun da tafiya ce da dawowa, motsin milimita ɗaya yana ƙara wa hanyar milimita biyu, wato kusan digiri 58 cikin 360 na zagaye guda. Motsin da ido ke gani kamar rawar ɗari, a wurin rada babban abu ne.

Na kwantar da lasifika mai inci 12 a kan tebur, na rataye radar a samanta. Da farko kusan babu abin da ya fito, domin faifan na takarda ne, kuma takarda ba ta mayar da igiyar rediyo da kyau. Sai na yanko ɗan gutsuren takardar alminiyam, bai kai girman farcen babban yatsa ba, na manna shi a kan murfin tsakiya. Dole ya zama ƙarami, saboda duk nauyin da aka ɗora wa faifai yana sauya halinsa. Da na ba ta sautin da ke girgiza sau 40 a daƙiƙa, sai layi mai santsi ya bayyana a allon kwamfuta, yana hawa yana sauka, janareton maƙwabci yana ta ruri amma ko alamarsa babu a ciki. Na daɗe ina kallon layin nan.

Hanyar tana da iyaka, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Rada mai mafita ɗaya, wato mai fitar da sigina guda kawai, tana faɗin gaskiya ne kawai idan motsin bai wuce kimanin milimita ɗaya da rabi gaba ko baya ba. Bayan haka layin yana naɗewa, mutum ya zargi lasifika da laifin da ba nata ba. Gusar da radar da milimita ɗaya da rabi ma yana iya kai ta inda ba ta ganin komai sosai. Maganin wannan shi ne rada mai mafita biyu. Sannan a sama da girgizar da faifan ya fi sakin jiki da ita, duk lokacin da aka ninka yawan girgiza sau biyu, motsin yana raguwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka siririn sauti yana ɓacewa. A can makirufo ne ke da iko.

Amma ga sauti mai kauri, inda naɗin wayar da ke motsa faifan yake fita daga ƙarfin maganaɗisu har murya ta fara lalacewa, radar ta nuna mini cewa faifan tsohuwar lasifikata yana fita waje fiye da yadda yake komawa ciki, abin da kunnena ya shekara yana zargi.