Dutsen da ƙanena ya kawo

Asabar. Ko karin kumallo ban gama ba ƙanena ya shigo da wani abu ƙulle a leda, yana waige-waige kamar wanda ya sato. Wani abokinsa mai haƙar zinariya a jihar Neja ne ya ba shi a madadin bashi. Dutse ne rawaya, sai ƙyalli yake, gefensa a miƙe kamar an yanka da wuƙa. “Yaya, mun haye,” in ji shi.

Bayan azahar muka tafi Kasuwar Kurmi wajen Kawu, wanda ya tsufa yana ƙera azurfa da zinariya. Ko awo bai yi ba. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya karta dutsen, ko alama babu. Ya ɗauko fasasshen gilashi ya goga dutsen a kai, sai ga layi ya fito fes a jikin gilashin. Ya dubi ƙanena ya ce, “Yaro, zinariya ba ta da wannan taurin kan.” Ya ɗora ɓarin dutsen a kan uwar maƙera ya buga, ya watse ya zama gari baƙi-baƙi. Da zinariya ce, in ji shi, shimfiɗewa za ta yi.

A nan karatun sakandare ya dawo mini. Wani Bajamushe, Friedrich Mohs, a 1812 ya jera ma'adinai goma bisa wanda ke kartar wani: talk, wanda ake hoda da shi, na 1, daimon na 10. Farce yana wajen 2.5, shi ya sa yake kartar dalma, ita kam 1.5 ce. Zinariya da azurfa ba su wuce 2.5 zuwa 3 ba, jan ƙarfe 3, wuƙa da gilashi wajen 5.5. Abin da ƙanena ya kawo firit ne, 6 zuwa 6.5, ƙarfe ne da farar wuta suka haɗu. Lambobin nan jeri ne kawai, domin daga 9 zuwa 10 tazarar ta fi ta kowane mataki nisa ba kusa ba.

Na karanto wa Kawu lambobin, ya yi dariya ya ce shi wuƙa da magagari sun ishe shi. Sai ya nuna tabarau na da suka yi kaca-kaca da karce, ya tambayi lambarsu. Laifin ƙurar hunturu ne: akwai ɓarɓashin yashi a ciki, taurinsa 7, ni kuma kullum da bakin riga nake gogewa a bushe. Ya ce in riƙa wankewa da ruwa tukuna.

A adaidaita ƙanena bai ce uffan ba har Ƙofar Mata. Can sai ya ce in ranta masa kuɗin kati, zai kira abokin nasa. Ragowar dutsen yana kan teburina, na danne takardu da shi.