Abin da renon ar'ar ya koya mini a tsaunukan Asir

A ƙarshen wannan wata zan bar gandun renon itatuwa da ke kusa da birnin Abha a Saudiyya, kuma ya kamata 'yan'uwa Hausawa da za su gaje ni a sashen ar'ar su ji abin da bai shiga rahoto ba.

Itacen ar'ar, wanda masana ke kira Juniperus procera, bai dogara da ruwan sama kaɗai ba. Hazon da ke tasowa daga Tihama, filin da ke bakin teku, yana hawo gangaren tsauni, ƙananan ganyensa su tare shi, ruwan ya riƙa ɗiga a gindinsa. Shi ya sa yake da ƙoshin lafiya a saman tsaunin Suda, inda tsayi ya kusa mita 3,000, alhali a ƙasan gangaren Raida, wadda aka killace a matsayin gandun daji tun 1989, manyan bishiyoyi na nan tsaye a bushe.

Duk wannan na bayyana wa mudir, wato shugaban gandunmu, ranar da ya ce a kai dashenmu can ƙasa, bakin titi, inda motocin manyan baƙi za su iya tsayawa. Tun da Saudiyya ta shelanta shirin dasa bishiya biliyan 10 a 2021, yawan ramuka ne kawai ke gabansa. Ya ce an ɗauke ni ban ruwa ne, ba ba da shawara ba. Rani ɗaya ya ƙone tsiron da muka yi shekaru muna lallaɓawa, domin ar'ar ba ya saurin girma. Da aka zo rubuta dalili, sai aka ce sakacin mai ban ruwa ne, aka zaftare mini albashi, shi kuwa ko tambayarsa ba a yi ba. Saboda haka duk shawarar da za ku bai wa na sama, ku rubuta ta da kwanan wata, ku riƙe kwafi.

Sauran shawarwarin ba su da tsawo. A ar'ar, namiji daban, mace daban, kuma macen ce ke 'ya'ya. Ku zuba iri a ruwa kafin shuka, wanda ya taso sama galibi fanko ne. Ku yi wa kowane dashe shinge saboda awaki.

'Yan tsiron da aka ce sun yi ƙanƙanta, na kai su can sama na dasa a inuwar tsofaffin bishiyoyi, kuma suna nan da ransu. Ku riƙa leƙa su, amma ku hau da ƙafa, mota ba ta zuwa wurin.